Masu Kaki a Iferwan da Tarihin Mutuncinsu

Iferwan, garin lambuna da dabino da ke gindin dutsen Tamgak a arewacin ƙasar Abzin, ya daɗe yana zango ga ayarin da ke keta hamada, kuma tun kafin a san kaki a yankin, kiyaye rijiya da hanya yana wuyan shugabannin Abzinawa, yayin da Sarkin Agadas yake da dogarai, wato bayin fada masu kama mai laifi da isar da umarnin sarki. Bindigar gwamnati ta iso garin ne a 1899 tare da rundunar Faransa ta Foureau da Lamy, sannan bayan an murƙushe boren Kawsan na 1916 zuwa 1917 da tsananin da Abzin ba ta manta ba, Turawa suka dogara ga mahaya raƙuma da suka ɗiba daga cikin mutanen ƙasa. Waɗannan mahaya sun jawo wa kansu tsoro saboda karɓar haraji, amma su ne kuma ake nema idan aka kore raƙuman wani, domin sun iya bin sawu.

Bayan 'yancin kan Nijar a 1960, aikin ya rabu uku: 'yan sanda a birane, jandarmomi, waɗanda sojoji ne masu aikin 'yan sanda a karkara, da kuma gardi, masu tsaron hukumomi da gidajen kaso. Da yawansu daga kudu aka turo su, ba su jin Tamashek, kuma tawayen da ya ɓarke a 1990 ya ƙara nisanta su da talakawa. Abin da ya sauya al'amarin shi ne yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda ta tanadi rundunonin tsaro na Sahara, ta kuma buɗe wa tsoffin 'yan tawaye ƙofar shiga aikin gwamnati, har daga baya aka haɗe waɗannan rundunoni da gardi cikin rundunar da yau ake kira Garde Nationale. Wannan mataki ya cancanci yabo fiye da yadda ake yi masa, domin makiyayin da ya tarar da mai jin harshensa a bakin ofis yana kai ƙara da kansa, yana kuma faɗin abin da ya gani a daji ba tare da an matsa masa ba.

Amincin ya sake girgiza a Fabrairun 2007, lokacin da ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta far wa sansanin sojan Iferwan, garin ya kusa zama kufai, nakiyoyi suka rufe hanyoyinsa har zuwa sulhun 2009. Da mutane suka komo gidajensu, aka kuma ɗaga Iferwan zuwa matsayin gunduma a 2011, shekarar da tsohon magajin garin, Brigi Rafini, ya zama firaminista, masu kaki sun zauna tare da jama'a cikin zafi ɗaya da nisa ɗaya daga asibitin Arlit. Tun da aka gano zinariya a Cibarakatan kusa da iyakar Aljeriya a 2014, nauyinsu ya ƙaru, saboda 'yan fashi sun addabi hanyar, kuma direbobi da masu haƙa sukan jira rakiyar jami'an tsaro kafin su kama tafiya.