Masu Murɗa Maɓalli a Bayan Muryar Omdurman

A shekarar 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka buɗe gidan rediyo a wani ɗan ɗaki na tsohon gidan waya da ke Omdurman. Rabin sa'a ake yi a rana. Da yake akwatin rediyo sai gidan wane da wane, lasifika aka kafa a dandali, jama'a su taru su ji yadda ake gwabzawa da sojojin Italiya a gabas, wajen Kassala. A 1942 aka koma gidan haya, kuma a shekarar ce A'isha al-Falatiya ta rera waƙa a gidan, mace ta farko da aka ji tana waƙa a rediyon Sudan. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar Makka ta ajiye a can, uwa Bahausa, uba malami Bafulatani.

Mawaƙa da masu karanta labarai tarihi ya riƙe sunayensu. Ma'aikacin da ke tsaye gaban injin watsa shirye-shirye da mai gyaran rediyo na kasuwa kuwa, ba a cika tuna su ba, alhali in ba su, muryar A'isha ba za ta wuce bakin ƙofa ba.

Aikinsu awo ne. Tasha tana da zangonta, in ta goce kaɗan sai ta hau kan ta wani, ko mai saurare ya yi ta lalube bai same ta ba. Na'urar da ta zama ginshiƙin wannan sana'a a ko'ina ita ce mai samar da siginar gwaji, akwatin ƙarfe da ke fitar da tasha ta ƙarya wadda mai aiki ke juyawa yadda ya so. A fuskarta akwai babban maɓalli mai allura na zaɓen zango, da wani na rage ƙarfin sigina, da ɗan makunni da ke ɗora wani kuka siriri a kanta domin kunne ya ji. A ƙasa sai soket inda waya ke fita.

Ga yadda ake yi. Yawancin rediyon matsakaici da gajeren zango, tun daga fasahar da Edwin Armstrong ya fito da ita a 1918, sukan mayar da duk tashar da suka kama zuwa zango ɗaya na ciki kafin su fitar da sauti, kuma daga baya masu ƙera su suka fi tsayawa a kan kilohaz 455. Mai gyara zai saita na'urarsa a nan, ya maƙala wayar a cikin akwatin rediyon, sannan ya ɗauki sukudireban roba, don na ƙarfe yana ɓata awo, ya riƙa murɗa 'yan ƙananan gwangwanayen saiti da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Kukan na ƙara ƙarfi, shi kuma yana rage siginar. Nan gwaninta take: sabon shiga yakan bar maɓallin a buɗe, rediyon ya danne ƙarar da kansa, ya ɗauka ya gama alhali bai fara ba. A gari irin Khartoum, inda zafi ke wuce digiri 40 kuma guguwar habub ke cusa ƙura a kowace kafa, irin wannan saiti ba ya daɗewa bai goce ba.

Soket ɗin ma yana da nasa tarihin, kuma sa'an gidan rediyon ne. A shekarun 1940 Paul Neill na Bell Labs a Amurka ya ƙera wanda ake kira N, mai zare kamar murfin kwalba. Bayansa aka samu BNC, wanda ake turawa a murɗa kaɗan ya kama, ana danganta shi da Neill da Carl Concelman. Kayan gwaji da na watsawa suka daidaita a kan waya mai ma'aunin om 50, na talabijin suka ɗauki 75. Da aka buɗe talabijin a Omdurman a farkon shekarun 1960 da taimakon Jamus ta Yamma, sai ma'aikata suka sami kansu da wayoyi iri biyu masu kama da juna a ido, in an haɗa su ba daidai ba wani ɓangare na siginar ya koma inda ya fito. A daidai lokacin ne kuma rediyon transista mai batir ya fara cika kasuwa, ya kai tashar ƙauyukan da ba lantarki, aikin gyara ya yawaita.

Sojoji ne suka fi kowa sanin darajar waɗannan maɓallai. Ibrahim Abbud a 1958, Ja'afar Numairi a 1969, Umar al-Bashir a 1989, duk ta gidan rediyon Omdurman ƙasa ta ji an yi juyin mulki. A watan Yulin 1976 kuwa, mayaƙan da suka shigo don kifar da Numairi sun mamaye wurare a babban birnin, amma sanarwarsu ba ta fita ba. Rediyon Omdurman ya yi tsit, rediyon Juba ya ci gaba da magana da yawun gwamnati. Riƙe gini daban, tayar da injin daban.

Ginin gidan rediyon da ke bakin Nilu ya sake faɗawa hannun masu bindiga a watan Afrilun 2023, lokacin da dakarun RSF suka shige shi a farkon yaƙinsu da sojojin gwamnati. Sojojin gwamnati sun karɓe shi a watan Maris na 2024, bayan kusan shekara guda. A cikinsa ne aka ajiye faya-fayan sauti na gomman shekaru, har da waƙoƙin A'isha, wadda ta rasu a 1974.