Bayani kan zafi da lahani wajen yankan zaren kabon

Kusan rabin nauyin jirgin saman Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011, na zaren kabon ne da aka haɗa da danƙo. A jirgin Airbus A350, da ya fara aiki a 2015, adadin ya kai kashi 53 cikin 100.

Kamfanoni na son wannan haɗi saboda ya fi ƙarfen alminiyam rashin nauyi, ga shi ba ya tsatsa, abin da ke rage shan mai. Sai dai yanka shi da huda shi na da wuyar sha'ani, domin ɓarnar kan ɓuya a ciki inda ido ba ya gani.

Mene ne wannan haɗi?

Kaurin kowane zare bai wuce mikiromita 5 zuwa 10 ba, wato ya fi gashin mutum siranta nesa ba kusa ba. Ana samun sa ne ta hanyar gasa wani zaren roba a zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, a wurin da babu iskar oksijin.

Daga nan sai a jiƙa zarurrukan da danƙon ifoksi, a shimfiɗa su falle bisa falle, kowane falle na fuskantar wata kusurwa dabam, sannan a gasa su a tanderu mai matsi a zafin kimanin digiri 180 har su ƙame.

Me ya sa yankan ke da wuya?

Ƙarfe iri ɗaya ne ta kowace fuska, amma wannan haɗi tamkar katako yake, yana da jijiya. Idan wuƙa ta bi tsawon zaren, yankan kan fita sumul. Idan kuwa ta tunkare shi a karkace, musamman a kusurwar digiri 135, sai zaren ya lanƙwashe ya karye a ƙasan fuskar da aka yanka, ya bar ƙananan ramuka.

Wajen huda kuma, bakin injin kan ɗaga fallen sama yayin shiga, ya kuma tura fallen ƙasa yayin fita, har su rabu da sauran. Jirgi guda na da dubban ramukan ƙusa, kuma galibi ana huda su ne bayan an gama ƙera sashen, saboda haka rami ɗaya maras kyau na iya jawo babbar asara.

Ina zafi ya shigo?

A yankan ƙarfe, ɓarɓashin da ke fita kan tafi da mafi yawan zafin. A nan kuwa ƙura ce ke fita, danƙon kuma ba ya watsa zafi da sauri, sai zafin ya taru a bakin yanka.

Da zarar ya kusanci matakin da aka gasa danƙon, sai danƙon ya yi laushi ya saki zaren. Zafin ya fi gudu ta tsawon zare fiye da ta gefensa. Lamarin ya fi tsanani idan ana huda haɗin tare da ƙarfen taitaniyam, wanda ke yin zafi matuƙa.

Yaya kwamfuta ke taimakawa?

Injiniyoyi kan zana sashen da wuƙar a manhaja irin su Abaqus, su rarraba su zuwa dubban ƙananan gutsattsari, kwamfuta ta lissafa matsi da zafin kowanne daki-daki.

Lissafi biyu ake yi a tare, domin gogayya ce ke haifar da zafi, zafi ya raunana danƙo, raunin kuma ya sauya ƙarfin da wuƙa ke buƙata.

Domin gane lokacin da zare ko danƙo zai karye, akan yi amfani da ƙa'idojin da Zvi Hashin ya wallafa a 1980. A 1990 kuma, Hocheng da Dharan sun fitar da lissafin iyakar ƙarfin turawa da idan aka wuce shi falle zai rabu.

Za a iya dogara da sakamakon?

Sai an gwada shi da zahiri. Akan auna zafi da kyamarar da ke ganin ɗumi, sannan a binciki cikin sashen da na'urar sauti irin ta ɗaukar hoton ciki a asibiti.

Idan alƙaluman suka dace da juna, sai a yi amfani da su wajen zaɓar gudun juyawar inji, da saurin turawa, da siffar wuƙa, wadda galibi ake lulluɓe bakinta da lu'ulu'u saboda zaren kabon na dakusar da ƙarfe cikin hanzari. Ɗaya daga cikin dabarun da aka fi bi shi ne rage saurin turawa gab da bakin injin zai ɓulla ta ɗaya ɓangaren.