Kaburburan Durɓi ta Kusheyi

Durɓi ta Kusheyi maƙabartar sarakunan Durɓawa ce a ƙasar Mani, arewa da Kankiya da Kusada, inda a dā ake binne mai mulki a tsakiya, a tula masa tsibin ƙasa a kai. Wani Bature mai suna Palmer ya tona wasu daga cikin tsibunan a 1907, masana daga Jamus kuma suka sake tono a 1992. An sami 'yan kunne na zinariya, da mundayen tagulla, da wuri, da duwatsun wuya, da tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. Kayan nan shaida ne cewa sarakunan Katsina na zamanin Durɓawa suna cikin fataucin Sahara sosai.

Wasu za su ce binne mamaci da dukiyarsa alamar jama'a ce da ke nesa da duniyar Musulmi. Tasar nan ta rushe wannan zato, domin hulɗar kasuwanci takan riga sauyin ibada isowa. Haka makiyayan Fazirik na tsaunukan Altai suka binne shugabanninsu da dawakai, alhali a kaburburan nasu an sami siliki na Sin.