Balarabe Musa da Rikicin Jihar Kaduna, 1979–1981

Ranar 23 ga watan Yuni, 1981, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta tsige Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa daga kujerar gwamna, bayan ya yi wata 21 bai cika ba a kanta. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Sau da yawa akan taƙaita labarin da cewa taurin kai ne ya kayar da shi. Wannan bayani bai isa ba, domin tushen rikicin ya girme shi, ya kuma girmi majalisar da ta tsige shi.

An haife shi a garin Kaya ta ƙasar Zazzau a 1936, ya yi makarantar Midil ta Zariya, daga baya ya ƙware a aikin akanta. Tun yana saurayi ya shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ta gina siyasarta a kan kukan talakawa game da mulkin En'e. Da aka dawo siyasa a 1978, PRP ce ta gaji wannan aƙida, a ƙarƙashinta kuwa ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN a zaɓen 1979. A lokacin Jihar Kaduna ta haɗa da ƙasar Katsina, wadda ba a cire ta ba sai 1987.

To, sai dai jama'ar da suka ba PRP gwamna, su ne kuma suka ba NPN rinjaye mai yawa a majalisa. Tsarin mulkin 1979, wanda aka kwaikwayo daga na Amurka, ya yarda da hakan, amma bai tanadi hanyar sulhu ba in ɓangarorin biyu suka ja daga. Gwamna ya aika da sunayen kwamishinoni, majalisa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake ƙi. Shi kuwa ya ƙi sanya 'yan NPN cikin gwamnatinsa. Haka ya yi mulkinsa kaf ba tare da kwamishina ko ɗaya ba.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne soke haraji da jangali, wanda ya sanar cikin kwanakinsa na farko, kamar yadda Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a Kano. Wanda bai zauna ƙauye ba, da wuya ya gane girman wannan al'amari. Haraji ba kuɗi ne kawai ba: shi ne igiyar da ta ɗaure magidanci ga mai unguwa, mai unguwa ga dagaci, dagaci ga hakimi. Wanda ya kasa biya yakan sayar da hatsinsa tun da kaka a kan araha, wani ma ya gudu ci-rani don tsoron dogarai. Tsinke wannan igiya ya taɓa martaba da abincin mutanen da NPN ta dogara da su a karkara, ba kuwa za su manta ba.

Ga shi kuma gida bai zauna lafiya ba. A 1980 PRP ta dare biyu, har Hausa ta sami sababbin kalmomin siyasa: 'yan taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu, da 'yan santsi, ɓangaren gwamnonin biyu. Saboda haka lokacin da majalisa, ƙarƙashin Kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta jero masa laifuffuka, ba shi da cikakkiyar jam'iyya a bayansa. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, shi ya gaje shi.

Bai sake riƙe muƙamin zaɓe ba, ko da yake ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP a 2003. Ya rasu a Kaduna ranar 11 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 84.