Manajan tagogi mai jerawa

Manajan tagogi mai jerawa, wanda a Turance ake kira tiling window manager, wani nau'in manhaja ne da ke raba fuskar kwamfuta tsakanin tagogin da aka buɗe ba tare da wata ta hau kan wata ba, kamar yadda ake jera tayil a daɓen ɗaki. Idan taga ɗaya ce a buɗe, takan cika fuskar baki ɗaya. Idan aka buɗe ta biyu, sai su raba wurin a tsakaninsu. Galibi da madannai ake sarrafa shi maimakon linzami. An fi amfani da shi a Linux da dangin BSD, ko dai shi kaɗai, ko kuma a haɗa shi da muhallin fuskar kwamfuta irin su Xfce da MATE da KDE Plasma.

Tarihi

Jera tagogi ba sabon abu ba ne. Windows 1.0 da kamfanin Microsoft ya fitar a 1985 jera tagoginta take yi, sai a Windows 2.0 aka ba su damar hawa kan juna. A ɓangaren tsarin X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, manajojin Ion da larswm sun fito a shekarar 2000. Daga baya aka samu dwm a 2006, xmonad da awesome a 2007, sai i3 da Michael Stapelberg ya fara a 2009. Sway, wanda ya kwaikwayi i3 amma a kan tsarin Wayland, ya kai sigar 1.0 a watan Maris na 2019.

Dalilin haɗa shi da muhalli

Aikin manajan tagogi bai wuce sanin inda kowace taga za ta zauna da girmanta ba. Sauran abubuwan da mai kwamfuta ya saba gani, kamar alamar batir da ta intanet, sanarwa, kulle fuska, buɗe filasha da zarar an soka ta, da akwatin da ke neman kalmar sirri kafin a yi wani babban canji, duk muhalli ne ke kawo su. Wanda ya ɗora i3 shi kaɗai dole ya nemo kowanne daga cikinsu ya saita da hannunsa.

Ga mai rubutun Hausa akwai ƙarin wani abu. Tarin xkeyboard-config da Linux ke amfani da shi yana da tsarin madannai na Hausar Najeriya, mai ɗauke da baƙaƙe masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ. A cikin muhalli, sau ɗaya ake zaɓarsa a wurin saiti ya zauna. A manajan da ke shi kaɗai kuwa, sai an saka umarnin setxkbmap -layout ng -variant hausa a fayil ɗin saiti, in ba haka ba duk lokacin da aka sake shiga tsarin madannan yakan koma yadda yake da farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a harshen da ƙugiya ce ke bambanta kafa da ƙafa, ko daidai da ɗaiɗai.

Yadda ake haɗawa

Abin da ya sa haɗin ke yiwuwa shi ne, a tsarin X11 manajan tagogi manhaja ce mai zaman kanta, kuma ɗaya kacal ke iya riƙe fuska a lokaci guda. Saboda haka aikin mataki biyu ne: a hana manajan muhallin tashi, sannan a tayar da sabon a gurbinsa. Ƙa'idojin ICCCM da EWMH su ne ke sa sabon manajan ya fahimci sauran sassan muhallin, misali ya san cewa zirin ayyukan da ke sama ko ƙasan fuska ya keɓe wa kansa wuri, kada a rufe shi da taga.

A Xfce, ana shiga saitin zama da farawa, a sa xfwm4 da xfdesktop kada su sake tashi, a adana zaman, sannan a ƙara i3 cikin jerin manhajojin da ke tashi da kansu. A MATE ya fi sauƙi, domin sunan manajan yana rubuce a maɓallin windowmanager da ke ƙarƙashin org.mate.session.required-components, sai a cire marco a sa wanda ake so. LXQt ma ba shi da manajan kansa, tun asali yana barin mai amfani ya zaɓa.

A KDE Plasma, a da ana saka sunan sabon manajan ne a KDEWM. Tun daga sigar 5.25 ta 2022, da systemd ya karɓi aikin tayar da zaman, hanyar da aka fi bi ita ce a toshe plasma-kwin_x11.service a rubuta wata hidima da za ta maye gurbinta. GNOME ne mai wuyar sha'ani: daga sigar 3 ta 2011 manajansa Mutter ya zama jiki ɗaya da GNOME Shell, ba a iya cire ɗaya a bar ɗaya. Masu son jerawa sukan koma GNOME Flashback, wanda a kansa aka gina Regolith tare da i3, ko su ɗora ƙari irin Pop Shell na kamfanin System76. Shi kuwa xmonad yana da shiryayyun saituka na GNOME da KDE da Xfce da MATE.

Matsalolin da aka fi fuskanta

Ta farko ita ce karon madannai. Muhalli da manajan duk suna son maɓallin Super, wato mai tambarin Windows, kuma idan an ba haɗin maɓallai ɗaya aiki biyu, ɗayansu ba zai yi ba. Dole a goge na ɓangare guda. Ta biyu, manhajar da ke zana hoton bango da gumakan fayiloli ita ma taga ce a idon manajan, don haka takan fito ta mamaye fuska, shi ya sa ake kashe ta. Ƙananan akwatuna kamar na ƙarar sauti su ma akan jera su kamar manyan tagogi su miƙe su yi muni. A i3 ana gyara wannan a fayil ɗin ~/.config/i3/config da dokar for_window mai barin taga ta yi shawagi, bayan an gano ajinta da umarnin xprop.

Wayland

Duk abin da aka bayyana a sama ya shafi X11 ne. A Wayland manhaja ɗaya ce ke aikin sabar fuska da na manajan tagogi a haɗe, don haka ba a iya zare KWin ko Mutter a soka Sway ko Hyprland a wurinsu. GNOME ya daɗe da mayar da Wayland zaɓin farko, Plasma 6 ma ya bi sahu a watan Fabrairun 2024. Abin da ya rage wa mai son jerawa shi ne ya yi amfani da wadda muhallin ya zo da ita, kamar ta Plasma 5.27 da ake buɗewa da Meta da T ko ta COSMIC, ko kuma ya ɗauki Sway ya aro sassan muhalli ɗaya bayan ɗaya. A Sway umarnin setxkbmap ba ya aiki. Ana saita madannan Hausa ne da xkb_layout da xkb_variant a sashen input na fayil ɗin saitinsa.