Ƙahon Yalwa a Zane-zanen Birnin Antwerp

A shekarar 1585 sojojin Sifaniya suka ci birnin Antwerp, wanda yau yake cikin ƙasar Beljiyam, bayan sun yi masa ƙawanya fiye da shekara guda. Mutanen Holan da ke arewa, masu yaƙi da Sifaniya, suka toshe bakin kogin Scheldt, jiragen fatake suka daina shigowa. 'Yan kasuwa da masu sana'a suka yi ta ƙaura, har cikin 'yan shekaru fiye da rabin jama'ar garin suka watse. Birnin da a da yake cikin manyan kasuwannin Turai ya ɗanɗana kuɗarsa.

Sai a 1609 aka ƙulla yarjejeniyar tsagaita wuta ta shekara 12 tsakanin Sifaniya da Holan. Watanni kaɗan kafin nan, mai zane Peter Paul Rubens ya dawo gida Antwerp daga Italiya, kansa cike da tatsuniyoyin Girkawa da Romawa. Daga cikinsu ya ɗauko Ceres, wadda Romawan dā suka ɗauka uwar hatsi ce, da kuma ƙahon yalwa, wani ƙahon dabba da ake zanawa yana ambaliya da inabi da tuffa da zangarniyar alkama. Sau da yawa aikin na haɗin gwiwa ne: Rubens ya zana mutane, abokinsa Frans Snyders ya cika wurin da 'ya'yan itace da dabbobi.

Wajen 1618 Rubens ya yi zanen haɗuwar ƙasa da ruwa, wanda yanzu yake gidan tarihin Hermitage a Rasha. Mace mai wakiltar ƙasa tana riƙe da ƙaho shaƙe da 'ya'yan itace, ta ba Neptune, sarkin teku a tatsuniyar, hannu a saman tulun da ruwa ke kwarara daga bakinsa. Masana da dama suna ganin fatan mutanen Antwerp ne aka zana: a buɗe musu kogi, arziki ya dawo. Waɗanda suka san yunwa su ne suka fi sanin darajar rumbu.

Yaƙi ya sake ɓarkewa a 1621. A 1629 sarkin Sifaniya ya aika Rubens Landan neman sulhu da Ingila. A can ya yi wa Sarki Charles na Ɗaya zanen zaman lafiya da yaƙi: ana miƙa wa yara ƙahon 'ya'yan itace, wata damisa na birgima a ƙasa tana wasa, a baya kuma Minerva, uwar hikima, na ture Mars, uban yaƙi. Saƙon a fili yake, sai da zaman lafiya ake samun na ci. A 1630 ƙasashen biyu suka sa hannu kan sulhu.

Antwerp kuwa ba ta samu biyan bukata ba. Rubens ya rasu a 1640, yarjejeniyar Münster ta 1648 ta tabbatar da rufe kogin, kuma ba a buɗe shi ba sai ƙarshen ƙarni na 18.