Kwana a Gida, Wuni a Wani Gari: Tarihin Zaman Gefen Gari a Anka, Gummi da Bukkuyum

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau yammacin Zamfara za mu nufa, mu duba wani irin zama da da yawanmu muka tashi a cikinsa amma ba mu cika tambayar asalinsa ba. Ina nufin unguwannin nan na gefen gari da ƙauyukan bakin titi, inda mutum ke kwana a gidansa kusa da gonarsa, da safe ya hau babur ya tafi aiki ko kasuwa a wani wuri, kafin magariba ya dawo. A Abuja kun san mutanen Mararaba da Nyanya, masu sammako su shiga birni. To mu ma muna da namu, sai dai namu na da awaki a tsakar gida da rumbu a bayan ɗaki. Abin da nake so ku riƙe shi ne, wannan zama tsoho ne, kuma tun asali da lafiyar hanya yake rayuwa.

Mu fara daga baya. A wajen shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan, har ya zauna a Anka a ƙarni na 19. Zamani ne na yaƙi da hari, ga kuma jihadin da ya fara a 1804. A irin wannan lokaci mai hankali ba ya kwana a fili. Mutane na zama cikin gari mai ganuwa, da safe a buɗe ƙofa su fita gona, da yamma su koro dabbobi su dawo a rufe. Kun ga ke nan kakanninmu ma 'yan je-ka-ka-dawo ne, illa su daga gari suke fita zuwa daji.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yaƙe-yaƙen tsakanin garuruwa da farautar bayi suka lafa. Sai mutane suka fara bazuwa. Manomin da gonarsa ke da nisa ya kafa bukka a can don damina, bana bukka, baɗi ɗakin laka, wata shekara ɗan'uwansa ya biyo shi. Wannan ita ce tunga. Ku duba sunayen ƙauyukanmu: Tungar Daji a ƙasar Anka, Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Sunan kansa yana ba da labarin yadda aka kafa wurin. Amma ɗan tunga bai yanke da gari ba. Sallar Juma'a a gari, kasuwa a gari, shari'a da biyan haraji a gari.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙaurar Namoda a ƙarshen shekarun 1920, amma bai leƙo yamma ba. Gyaɗa da audugar wannan yanki a kan jaki da raƙumi suka riƙa fita, daga baya a motar lodi. Shi ya sa har gobe titi shi ne jijiyar wannan yanki: ka baro Gusau, ka karya a Mayanchi, ka bi ta Anka zuwa Ɗaki Takwas, ka faɗa Gummi.

Masu albashi kuwa sun yawaita ne daga 1976, shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka kuma fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Kwatsam ana neman malamai a ko'ina, ana neman ma'aikatan asibiti da na sakatariya. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya cire Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni, aikin gwamnati ya ƙara matsowa kusa. Sai kuma baburan Chana masu araha irin su Jincheng suka shigo, daga baya Bajaj, wayar salula ta biyo baya daga 2001. Da babur da waya, ɗan ƙauye bai da dalilin sayar da gonar gado don ya samu aiki a gari. Ma'aikacin da cikin gari ya yi wa tsada shi ma ya sayi fili a bayan gari, ya yi gini sannu a hankali.

To yaya zaman yake? Ni a irin wannan unguwa na yi wayo, kuma abin da na fi tunawa shi ne ƙarar babura bayan sallar asuba. Malamin makaranta ya ɗaure littattafai a baya, ɗan kabu-kabu ya ɗauki mai nono da ƙwaryarta, ɗan kasuwa ya bi kasuwar da ke ci ranar. Da hantsi unguwa ta zama ta mata da tsofaffi da yara, sai ƙarar injin niƙa. Da la'asar wanda ya sa kaftani da safe za ka gan shi da fartanya. Albashi na cefane ne da kuɗin makaranta, tuwo kuwa daga rumbu yake fitowa. Idan albashi ya makara, gero bai makara ba.

Kowa ya san kowa. Ba ka wuce majalisa ba ka yi sallama ba, baƙo kuma kafin ya sauke jaka an san gidan da ya zo. Daɗin ke nan, takurar ma ke nan, domin sirrinka ba ya kwana. Ga wahalhalu: wutar lantarki sai ta ga dama, ruwa sai rijiya ko burtsatse, mai naƙuda da dare sai an nemi mai mota. Da damina kuma gulbi ke da iko. Mutanen Gummi ba za su manta ambaliyar watan Agustan 2024 ba, wadda ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa.

Akwai kuma lokacin da aiki ya biyo mutane har cikin gida ya yi ɓarna. Da zinariya ta yi tsada a duniya, maza suka riƙa zuwa ramuka suna kawo duwatsu gida ana niƙawa a tsakar gida, ba a san akwai dalma a ciki ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Sai babbar jarrabawa, matsalar 'yan bindiga. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Ku lura, waya da kasuwa da mai da babur, su ne ƙafafu huɗun da wannan zama ya tsaya a kansu. A Janairun 2022 aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutanen tunga da yawa suka kwashe suka dawo gari, wasu a gidajen dangi, wasu a gine-ginen da ba a gama ba. Wanda ya yi ƙarfin hali yana fita gona da safe ya dawo da wuri, wani wurin ma sai an biya kuɗi kafin a yi girbi. Kusan an koma tsarin zamanin ganuwa, alhali yanzu babu ganuwar. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara ɗora nauyi, har ƙaramin ma'aikaci na lissafin ko albashinsa zai kai shi wurin aiki wata guda.

Shi ya sa idan na ji matashi na cewa burinsa kawai ya tsere Gusau ko Abuja, ba na ganin laifinsa. Amma ina tuna masa cewa zaman nan ya ba iyayenmu abin da birni ba ya bayarwa da sauƙi: gidan kanka, abincin gonarka, da maƙwabcin da zai tsaya maka. Abin da ya rasa a yau hanya ce mai aminci, kuma ita ya kamata mu riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'armu a kanta.

Aikinku na wannan mako: ku tambayi wani dattijo a gidanku wa ya fara kafa unguwarku, daga ina ya taso, kuma me ya taso da shi. Ku rubuto mana abin da ya faɗa. Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.